Wata biyar ina gwada sabon sashen kuɗin shiga da rabon ma'aikata a manhajar aikinmu, ga yadda na same shi

Kwana biyu abokaina da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a a Agege suna ta tambayata wai wannan manhajar da kullum nake dannawa a waya ko ana cikin hira me take tsinana min, kuma ta kai kuɗin da nake zuba mata duk wata? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunanta zan bar shi a cikina don ba talla nake ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi, amma duk wanda ya leƙa irin su Teamwork ko Asana ko Monday.com zai ga dangin abin da nake faɗa, kowa dai da sunan da ya raɗa wa nasa.

Mu sana'armu haɗa sola ce da kyamarar tsaro, ɗan ofishinmu yana wajen Ikeja, mu tara ne har da ni da ƙanena mai riƙe mana lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 aiki ya fara ƙaruwa, sai kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, ai daga nan waya ba ta sake hutawa ba, mai shago yana so, mai gida yana so, mai kemis yana so saboda firjin magani. Aiki ya yi yawa Alhamdulillah amma abin da ya dame ni shi ne ƙarshen wata in na duba asusu sai in ga kuɗin bai yi kama da wahalar da muka sha ba, kuma na rasa ta ina yake zurarewa. Da can manhajar jerin ayyuka kawai take riƙe mana, wane ya yi kaza, wane bai gama kaza ba, lissafin kuɗi kuma yana can a Excel, rabon aiki kuma a WhatsApp da asuba. Abu uku a wuri uku kuma babu wanda ya san da ɗan uwansa.

Sabon sashen kuɗin nan shi ya haɗe su. In za ka buɗe aiki sai ta tambaye ka wane iri ne: jinga ce da kuɗinta a yanke, ko na awa ne, ko kuwa na wata-wata irin yarjejeniyar da muke yi da wasu kamfanoni ta zuwa duba batir da wanke faifan sola. Sannan kowane ma'aikaci za ka sa masa farashi biyu, abin da kake cajin kwastoma a kan awarsa ɗaya, da abin da awar tasa take ci maka kai, wato albashi da kuɗin mota da na abinci ka raba da awannin da yake yi a wata. Wannan farashi na biyun wallahi ban taɓa zama na lissafa shi ba a shekarun da na yi ina wannan sana'a, kwana biyu muka yi ni da ƙanena muna fitar da shi mutum bayan mutum. Da ka sa su shike nan, duk awar da yaro ya shigar a wayarsa ita da kanta take cirewa daga kasafin aikin tana nuna maka ribar da ta rage.

Abin da ya fi burge ni kuma shi ne yadda ta raba kuɗi gida uku: kuɗin aikin da aka riga aka yi, kuɗin da aka tura wa kwastoma takardar biyansa, da kuɗin da ya shigo asusu da gaske. Mu 'yan kasuwa mun saba da zarar Alhaji ya ce "na amince, ku fara" sai mu ƙirga kuɗin a zuci kamar suna aljihu, alhali tsakanin wannan magana da ƙarar alat a waya wani lokaci wata biyu ne. Ranar farko da shafin ya cika muka tarar da ayyuka uku da aka gama tsaf amma ba a ma tura takardar biya ba, kowa yana zaton wani ya tura.

Wani dare bayan isha'i ina shirin rufe ofis ƙanena ya ce, "Yaya, dan Allah zo ka ga wani abu kafin ka tafi." Ya juyo min da kwamfutar, layin wani aiki da muka yi a Ajah ya yi ja wur. Aikin nan ni a wajena shi ne babban kamun da muka yi a watan, gida ne mai bene, jingar naira miliyan 6, kaya sun ci kusan miliyan 4.8, na riga na sa a raina cewa ragowar nan mai kauri ce. Na yi kirdadon awa 90 na aikin hannu. Manhajar ta nuna awa 210. Na ce masa a'a, akwai kuskure, sai ya buɗe min kwana bayan kwana: yara uku suna tashi daga Agege bayan sallar asuba, su bi ta Oshodi su hau gadar Third Mainland su shiga hanyar Lekki zuwa Epe, kafin su ɗora hannu a kan waya ɗaya rana ta take, dawowa kuma wanda ya san gosulon yamma a wannan hanya ba sai an yi masa bayani ba. Awa huɗu zuwa biyar kullum a mota, sau mutum uku, kuma sau huɗu muka koma saboda maigidan ya canja shawarar inda za a ajiye batir, ban caje shi ko sisi a kan komawar ba don ina ganin kyautatawa ce. Da aka cire komai abin da ya rage bai kai na ƙananan ayyuka biyu da muka yi wa masu shaguna a Ogba da Mile 12 ba, waɗanda yaro ɗaya da mataimakinsa suka gama kowanne a yini guda suka dawo ofis kafin la'asar.

Na daɗe zaune a kujerar nan ban ce komai ba. Shekara da shekaru ina bin manyan gidajen tsallaken gada ina ɗan ja baya da aikin 'yan uwanmu masu kanti da masu firjin sayar da ruwan sanyi, ashe su ne suke riƙe da kamfanin. Tun daga ranar duk aikin da zai sa mu haye gada akwai kuɗin hanya a rubuce cikin takardar farashi, komawa ta biyu kuma in ba laifinmu ba ne da kuɗinta, kuma ina faɗa wa kwastoma tun farko cikin mutunci. Mutum ɗaya ne ya fasa saboda haka, sauran duk sun fahimta don su ma a Legas ɗin suke.

Sashen rabon ma'aikata shi kuma kamar allo ne, sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki a kwance, kowane aiki da kalarsa, in ka ɗora wa mutum fiye da awannin da yake da su a rana sai gidansa ya koma ja. Nan na ga babban injiniyanmu sati uku a jere yana cikin ja, mutumin kirki ne ba ya ƙorafi, duk inda na ce ya je sai dai ya ce "to Oga, in sha Allahu," alhali akwai yaro a ƙasansa da ya iya haɗa inbata sarai yana zaune rabin sati ba komai. Yanzu da yatsa nake jan aiki daga layin wannan in sauke a layin wancan, kuma nan take saƙo ya je wayarsu. Akwai kuma damar kama gurbi na wucin gadi ga aikin da ba a tabbatar ba tukuna, yana fitowa da kala mai haske, to in wani kwastoma ya kira yana so a zo masa ranar Talata ina iya ganin ko da gaske akwai hannu ko babu kafin in yi alƙawarin da zan zo ina jin kunya. Wannan ya rage min ba da haƙuri a waya sosai.

Amma fa manhajar ba ta san mu ba, sai ka koya mata. Ita a wajenta kowace rana awa 8 ce daga Litinin zuwa Juma'a, mu kuwa Asabar muna aiki, Juma'a kuma daga wajen sha biyu da rabi zuwa uku babu wanda zan tura kan rufin kwano. Da azumi na rage wa kowa awanni da hannuna don hawa rufi da tsakar rana da ƙishirwa ba wasa ba ne. Hutun sallah ma sai dai ka shigar da kanka tunda ranar tana jiran ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, kuma yaranmu in suka tafi Kano da Katsina da Sakkwato ba kwana biyun gwamnati suke yi ba, kwana goma ne in an yi sa'a. Duk ana iya saitawa, sai dai yana cin lokaci, kuma in ka manta to hasashen kuɗin watan gaba da take nuna maka zai fito da ƙiba fiye da gaskiya.

Akwai wani abu da nake so masu kamfani su kula da shi don ya shafi haƙƙin mutane. Tana fitar wa kowane ma'aikaci kaso cikin ɗari na lokacinsa da ya tafi a aikin da ake cajin kwastoma. Wata na biyu wani yaronmu ya fito ƙasa da kowa, har na fara tunanin in kira shi in yi masa faɗa, Allah ya sa na tambaya tukuna. Ashe shi ne ake aika kasuwar Alaba sayo batir da waya, yini guda yake ɓatawa a hanyar Ojo yana zagaya shaguna yana gwada kaya don kar a haɗa mu da jabu, kuma shi ne yake zama da sababbin yara biyu yana nuna musu yadda ake ɗaure waya. Babu ɗaya a ciki da ake rubuta wa kwastoma a takarda amma in babu shi aikin kowa tsayawa zai yi. Da na yanke masa hukunci da wannan lambar da na zalunce shi. Na buɗe wa sayayya da koyarwa nasu layin daban don a riƙa ganin su.

Babbar wahalar dai ita ce shigar da awanni. Duk wannan lissafi mai kyau a kan abin da yara suka danna yake tsaye, in ba su danna ba to allon zai yi maka ƙarya da fuska a sake. Watan farko yaƙi muka sha, wani ya manta, wani ya kunna agogon ya bar shi yana tafiya har gari ya waye, wani kuma yana ganin leƙen asiri ne ake masa. Ga shi babu Hausa a cikinta kuma biyu daga cikin yaran Turancinsu bai yi nisa ba, ga ta da nauyi a ƙananan wayoyi, in kuma kana ɗakin batir a ƙarƙashin bene inda babu sabis sai ta yi ta juyawa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce shugaban kowace tawaga ya shigar wa mutanensa a mota kan hanyar dawowa, kuma na zaunar da su na nuna musu layin Ajah ɗin nan da idonsu, na ce ga dalilin da ya sa ban iya ƙara muku albashi ba wancan karon. Daga ranar ba na bin kowa.

Ta fannin haraji, VAT na kashi 7.5 tana ɗora shi daidai ba matsala. Inda take rikicewa shi ne in kamfani ya biya mu ya cire harajin da doka ta ce ya riƙe daga tushe, sai ta ɗauka kwastoma bai cika kuɗi ba ta bar ragowar a jerin masu bashi, dole ƙanena ya bi ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Haka kuma ta fi ƙwarewa a lissafin lokacin mutane fiye da na kaya, mu kuwa kaso mafi girma na kowace jinga kaya ne, farashin batir da inbata kuma dala yake bi, abin da ka rubuta yau ba lalle ya kai sati biyu ba. Don haka Excel bai bar ofishinmu gaba ɗaya ba har yanzu.

Sai maganar kuɗinta, nan ne ciwon. Da dala ake biya, kuma kan kowane mutum ake caji, sannan waɗannan sababbin abubuwa biyu ba sa cikin ƙaramin tsari sai ka hau na sama. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san abin da biyan dala duk wata yake nufi ga mai karɓar naira. 'Yan aikin rana da muke ɗauka in aiki ya yi yawa ba zai yiwu in saya wa kowanne kujera, wato gurbin mutum ɗaya a manhajar, ba, sai muka sa su a matsayin kashe kuɗi kawai.

In kai kaɗai ne da yaro ɗaya ko biyu, ka riƙe kuɗinka, littafi da waya sun ishe ka, sai dai ka ari dabarar farashi biyun nan ka lissafa da biro, kyauta ce. In kuwa kun kai mutum shida zuwa sama, kuna da ayyuka huɗu biyar a lokaci guda a sassan Legas daban-daban, kuma abin da kuke sayarwa har da lokacin mutane, irin masu haɗa sola da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki da masu zanen gini da masu haɗa shafin intanet, to ku karɓi gwajin kyauta ku shigar da tsofaffin ayyuka uku da kuka riga kuka gama, babba ɗaya ƙanana biyu, da awanninsu na gaskiya har da na hanya. Ni na sabunta nawa amma wata-wata, ban yarda na biya na shekara ba, kuma na rage kujeru daga tara zuwa biyar: ni, ƙanena, da shugabannin tawaga uku.