Wata uku ina zuwa gashin ƙashi saboda ciwon gwiwa

Shekara 4 ke nan ina sallah a kan kujera. Gwiwar dama ce ta fara. Da asuba sai ta sandare na kusan minti 15, in na tsuguna alwala kuma in ji tana ƙara kamar ana taka tsakuwa. Na sha haɗin kemis har fuskata ta kumbura, an yi mini ƙaho sau biyu, man zafi kuwa babu irin wanda ban shafa ba. Sai da aka ɗauki hoto likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya tura ni wani wurin gashin ƙashi mai zaman kansa a nan Kano.

Abin da ya sa na yarda da su shi ne ranar farko. Yarinyar da ta duba ni ta ɗaga hoton a taga, ta nuna mini inda ƙasusuwan biyu suka kusa haɗuwa. Ta ce, "Mama, guringuntsin da ke tsakani ne ya cinye. Babu maganin da zai dawo da shi, amma za mu rage miki ciwon." Ni da aka saba yi mini alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, wannan maganar ta kwantar mini da hankali. Ta ce shekaru da ƙiba da tsohon rauni su ne kan gaba, kuma ya fi kama mata. Nan na tuna faɗuwar da na yi a kan babur tun ina koyarwa.

Na zaci na'ura ce za ta yi aikin. Suna ɗora ƙunshin ɗumi, suna manna wasu wayoyi masu tsikari, akwai daɗi, amma kafin yamma ciwon ya dawo. Abin da ya yi mini amfani shi ne atisayen da na raina: in kwanta in miƙe ƙafa in ɗaga ta sau 10, in tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Tsokar cinya in ta yi ƙarfi tana ɗauke wa gwiwa nauyi. Ta kuma ce kowane kilo 1 da na rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku, shi ya sa na rage tuwon dare da lemon kwalba. Ashe ma sandar da nake dogarawa a hannun hagu ya kamata in riƙe, tunda dama ce mai ciwo. Shekara biyu ina riƙe ta ba daidai ba.

Sun hana ni shan maganin ciwo na diclofenac kullum saboda ciki da ƙoda, ga ni da hawan jini, suka ce in yi amfani da na shafawa.

Inda raina ya ɓaci: matakala uku a bakin ƙofa babu abin dafawa, a wurin da masu ciwon ƙafa ke zuwa! Ma'aikaciya mace kuma ɗaya ce, ranar Litinin sai ki shafe awa biyu a benci. Kuɗin ma ba ƙarami ba ne ga mai fansho, don haka bayan zuwa 12 na koma sau ɗaya a wata, sauran ina yi a gida kan tabarma.

Har yanzu sujada a kan kujera nake yi. Amma a azumin bana na tsaya da ƙafata a raka'a huɗun farko na asham.