Sujadar Lahadi a Majami'ar Angilika: Abin da Baƙo Zai Tarar

Na tashi a ikilisiyar ECWA, kuma har na haura shekara talatin ban taɓa zama a sujadar Angilika daga farko zuwa ƙarshe ba, sai bana da aiki ya kai ni wani gari a jihar Kaduna, inda majami'ar da ta fi kusa da masaukina ta kasance tasu. Na halarci sujadar Hausa Lahadi huɗu a jere, uku da Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ruwan inabi domin tunawa da mutuwar Yesu, ɗaya kuma addu'ar safiya kawai. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin wanda aka gayyata bikin godiya ko baftismar jariri, ko wanda yake neman wurin sujada a sabon gari, yana kuma fargabar kada ya je ya rasa yadda zai yi da kansa.

A bakin ƙofar harabar matasa za su duba jakarka, wani lokaci su nemi ka ajiye mota nesa da ginin, abin da ya zama ruwan dare a majami'un Arewa tun bayan hare-haren 2011 da 2012. Sun yi mini wannan cikin ladabi. Game da sutura, kaftani ko riga da wando masu tsabta sun isa, mata kuwa kusan dukansu na gan su da ɗankwali ko hula, saboda haka gara baƙuwa ta taho da nata.

Da shigata ciki na lura cewa tsarin ɗakin ya bambanta da wanda na saba. A wurinmu mumbarin wa'azi ne yake tsakiya, amma a nan bagade, wato teburin Jibi, ne a can gaba, an lulluɓe shi da ƙyalle, an kewaye shi da ɗan shingen katako inda ake durƙusawa, mumbarin kuma yana gefe guda. Launin ƙyallen yana bin lokacin shekarar ikilisiya: shunayya a makonnin jiran Kirsimeti da kuma kwana 40 na azumin da ke farawa ranar Larabar Toka, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Ni a lokacin kore na je. Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya miƙe, wani saurayi ya shigo riƙe da gicciye a kan doguwar sanda, mawaƙa na biye da shi biyu-biyu cikin rigunansu, sannan masu karatu, limamin kuma a ƙarshe da farar riga da ɗan gyale mai launin ƙyallen bagaden a wuyansa. Wannan shigowar kaɗai ta isa ta sanar da mutum cewa ya zo wurin da ake yin komai bisa tsari.

Tsarin nan a rubuce yake cikin littafin addu'a, kuma duk wanda bai fahimci matsayin littafin ba zai sha wuyar fahimtar sujadar Angilika. Asalinsa daga Ingila ne, inda Thomas Cranmer, babban bishof na Kantabari, ya tsara addu'o'in sujada cikin Turanci a 1549, domin talakan da bai san Latin ba ya ji abin da ake faɗa a gabansa, ya kuma amsa da bakinsa. Bugun 1662 ne ya bazu duniya tare da 'yan mishan, daga jikinsa kuma aka yi fassarori da gyare-gyaren da ake amfani da su a ƙasashe dabam-dabam. Abin da wannan yake nufi ga mai zaune a benci shi ne sujadar ta zama zance tsakanin limami da jama'a. Ya gaishe su da fatan Ubangiji ya kasance tare da su, su mayar masa da gaisuwar. Ya karanta dokoki, su roƙi jinƙai. Ya kira su zuwa tuba, su durƙusa su furta zunubansu gaba ɗaya da kalmomi iri ɗaya.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani, domin na girma da ra'ayin cewa addu'ar da aka karanto daga takarda ba ta fitowa daga zuciya. A Lahadin farko na zauna kusa da wata dattijuwa wadda gwiwoyinta ba su barin ta durƙusa sosai, sai ta zamo zuwa bakin benci ta kifa goshinta a kan hannuwanta. Littafinta ya tsufa har an ɗaure bangonsa da zaren ɗinki, yana rufe a kan cinyarta, amma ba ta kuskure kalma ɗaya ba a addu'ar tuba, muryarta kuma tana ɗan rawa. Da ta ga ina ta juya shafuka ban sami wurin ba, sai ta buɗe nata ba tare da ta ɗaga kai ba, ta miƙo mini, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce a hankali, "Ga shi nan, ɗana." Na karanta tare da su. Na tarar cewa kalmomin sun faɗi abin da ni kaina da kyar zan iya tsarawa, musamman inda ake neman gafara a kan abin da mutum ya bari bai yi ba alhali ya kamata ya yi. Baƙon da ya zo da nauyi a ransa, wanda ba shi da ƙarfin ƙago addu'a a gaban mutane, zai sami sauƙi ƙwarai a wannan tsari, domin ba a neman ya nuna komai, abin da ake so kawai ya bi sahu. Wannan a ganina shi ne babban abin da sujadar Angilika take ba mutum.

Sai dai kuma littafin nan shi ne babbar wahalar baƙo, kuma a nan majami'ar da na je ta gaza. Littattafan da ke kan benci ba su kai rabin mutane ba, wasu shafukansu sun zube, ba a kuma faɗin lambar shafi sai jefi-jefi, domin an ɗauka kowa ya haddace. Ana tsalle daga addu'ar ranar zuwa Zabura zuwa littafin waƙoƙi, ana tashi ana zama ana durƙusawa, kuma in ba don wannan uwar ba da na yi sujadar farko ina kallo kawai. Takarda ɗaya mai ɗauke da jerin abubuwa da shafukansu, a miƙa wa baƙo a ƙofa, da ta warware wannan matsalar da kuɗi kaɗan. Kafin a yi haka, shawarata ga sabon zuwa ita ce kada ya zauna a bencin gaba, ya nemi tsakiya kusa da wani dattijo ko dattijuwa, ya riƙa yin abin da suka yi. Ba wanda zai harare shi idan ya zauna lokacin da wasu suka durƙusa.

Karatun Littafi Mai Tsarki ya burge ni da yawansa. An karanta daga Tsohon Alkawari, an rera Zabura ana karɓa-karɓa, an karanta daga wasiƙun manzanni, sannan kowa ya miƙe tsaye domin Bishara. Ba limamin ne yake zaɓen nassosin bisa son ransa ba, akwai jadawalin da ake bi duk shekara, don haka dole wata rana ya yi wa'azi a kan ayar da ba ta yi masa daɗi ba. Wa'azin bai wuce rabin sa'a ba a duk zuwan da na yi, ya tsaya a kan nassin ranar, babu ihu. Bayansa aka miƙe aka furta shaidar bangaskiya, wadda asalinta yake komawa ga taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325.

Hausar da ake addu'a da ita tana da wani nauyi na tsohon zamani, irin wanda nake ji a bakin kakanni, kuma wannan yana da tarihi. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS yana cikin ayarin Bishof Tugwell da ya isa Kano a 1900 aka sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ta koma Wusasa, kusa da Zariya, a 1929. Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa salon ginin Hausa, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Wanda yake zaton ɗariƙar Angilika ta Turawa ce ko ta mutanen Kudu kaɗai zai yi mamakin jin yadda ta zauna daram a bakin Bahaushe. Ikilisiyar Najeriya ma ta zama mai cin gashin kanta tun 1979, bishof ɗinta baƙar fata na farko kuwa, Samuel Ajayi Crowther, an naɗa shi tun 1864.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sujadar shiru ce daga farko har ƙarshe. Da aka zo baiko, wato lokacin ba da kyautar kuɗi, Zumuntar Mata suka ɗauki tuluna da caki da ganga, ɗakin ya sauya gaba ɗaya, jama'a suka fito benci-benci suna rawa zuwa gaba, har dattijuwar da ta kasa durƙusawa ta bi layi tana kaɗa kafaɗa. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yawan zagayen: bayan baikon farko an kira na ginin majami'a, an kira na godiyar iyalai biyu, sanarwa kuma ta ci kusan minti ashirin da biyar, har sujadar da ta fara ƙarfe tara ta kai sha biyu saura. Nutsuwar da aka gina tun daga addu'ar tuba tana watsewa a wannan tsakani, masu ƙananan yara kuma suna wahala. Baƙo ya canza kuɗinsa zuwa ƙananan takardu tun daga gida, ya kuma sani cewa ba dole ba ne ya fita kowane zagaye. A cikin sanarwar ne ake cewa baƙi su miƙe, a tafa musu, a rera musu 'yar waƙar maraba. Ba a tilasta mini yin jawabi ba, sunana da inda na fito kawai aka tambaya.

Jibin Ubangiji shi ne ƙololuwar sujadar, kuma shi ne wurin da baƙo ya fi bukatar sanin matsayinsa. An fara da gaisuwar salama, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu, sannan limamin ya yi doguwar addu'ar godiya a kan gurasa da ruwan inabi, jama'a na durƙushe. Masu karɓa suna fita layi-layi su durƙusa a jikin shingen bagade, su ɗora tafin dama a kan na hagu. A inda na je, limamin yana tsoma gurasar cikin ƙoƙon kafin ya ba mutum. A ƙa'idarsu, wanda aka yi wa baftisma kuma bishof ya ɗora masa hannu a hidimar tabbatarwa shi ne yake karɓa. Yara da waɗanda ba a tabbatar ba suna iya zuwa su durƙusa, su harɗe hannuwa a ƙirji, a sa musu albarka, wanda kuma ya ga dama ya zauna a wurinsa, kamar yadda na yi a Lahadin farko, ba tare da wani ya dube shi ba.

Da aka tashi, ayarin ya fita yadda ya shigo, limamin ya tsaya a ƙofa yana gaisawa da kowa. A Lahadi na biyu na tsaya na ce masa, "Baba, ni ɗan wata ikilisiya ne, an yi mini baftisma, ina kuma karɓar Jibi a can, yaya matsayina yake a nan?" Bai amsa mini a tsaye cikin cunkoso ba, ya ce in same shi ofis ranar Laraba da yamma, na je, ya saurare ni kusan sa'a guda, ya bayyana mini ƙa'idar majami'arsu da yadda ajin masu shirin tabbatarwa yake gudana kafin zuwan bishof. Duk mai niyyar karɓar Jibi a wurinsu ya yi wannan tambayar tun kafin ranar Lahadi, domin a ranar limamin ba ya samun sukunin zama da mutum ɗaya.