Baƙin kwana biyu ko mutum guda na wata shida: wanne ya fi wa ɗan haya?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Aiki zai kai ka wani gari na wata shida, hayar gidan da kake ciki kuma da sauran shekara guda. Ba ka son sakin gidan, ba ka kuma son biyan kuɗin ɗakunan da babu kowa a ciki. Kana tsakanin abu biyu: ka sa gidan a Airbnb, manhajar saukar baƙi na 'yan kwanaki, ko wata irinta, baƙi su riƙa shiga suna fita, ko ka samo mutum ɗaya ya zauna har ka dawo. Ka kuma ce mai gidan ya taɓa gaya maka da baki cewa babu komai idan ka sa wani.

Da wannan magana ta mai gidan zan fara, domin a kanta mutane suka fi zamewa. Lokacin da ya ce maka "babu komai", wa yake hangowa? Kusan tabbas mutum ɗaya ne, mai suna, mai fuska, wanda za su haɗu a bakin ƙofa su gaisa. Bai hango baƙi arba'in da akwatunansu ba. Kotun ƙoli ta Jamus mai sauraron shari'o'in farar hula ta raba wannan gardama har sau biyu a shekarar 2014, kuma in ka jera hukunce-hukuncen biyu kusa da juna, rabin amsarka ya fito. A watan Janairu, shari'ar wani ɗan haya ce a Berlin wanda yake da izinin sa wani a gidan, sai ya tallata shi a intanet ga masu yawon buɗe ido. Kotu ta ce izinin da aka ba shi bai haɗa da masu kwana ɗaya ko biyu ba, wannan wani amfani ne daban da gidan. A watan Yuni kuma, wasu ma'aurata 'yan haya a Hamburg da aiki ya kai Kanada sun nemi izinin ba da ɗakuna biyu cikin uku haya, su bar kayansu a ɗayan. Mai gida ya ƙi. Kotu ta ce ba shi da hujjar ƙi, har ta sa ya biya su kuɗin hayar da suka yi asara. Kotu ɗaya, shekara ɗaya: ta tsaya wa wanda ya nemi mazauni na dogon lokaci, ta juya wa mai baƙin kwana biyu baya. Dokar inda kake za ta iya bambanta da ta Jamus, amma tunanin da ke ƙarƙashin hukuncin shi ne tunanin yawancin masu gidaje a ko'ina.

To, je ka ɗauko takardar yarjejeniyarka ka karanta ta da kyau. Wasu takardun sun hana haya kan haya kai tsaye, wasu sun ce sai da rubutaccen izini, wasu kuma ba su ambaci zancen ba sam amma sun ce gidan na zaman iyali ne kawai, ba na kasuwanci ba. Wannan sharaɗi na uku shi ne ke raba hanyoyin nan biyu. Mutumin da zai yi wata shida zama yake yi, nan ne gidansa a wannan lokaci. Mai kwana uku kuwa sauka ya yi, kuma a Ingila wata kotu ta yanke a 2016 cewa irin wannan saukar baƙi ta saɓa wa sharaɗin cewa gida na zaman kai ne.

Sai kuɗi, wanda na san shi ya ja hankalinka. A takarda, baƙin kwana biyu sun fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Mu ɗauka kuɗin kwana ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin goma na hayarka ta wata. Kwana goma sun biya haya, sauran ashirin riba ce, haka lissafin yake a ka. Amma cire kason manhaja. Cire ladan wanda zai share gida ya wanke zannuwan gado bayan kowane baƙo, da ladan wanda zai miƙa makulli ya kuma amsa waya da tsakar dare in famfo ya fashe, tunda kai ba ka gari. Cire wuta da ruwa da intanet, waɗanda baƙo ba ya tattalinsu domin ba shi zai biya ba. Cire haraji. Sannan ka tuna sabon gida a manhaja, wanda babu ko mutum ɗaya da ya taɓa yaba shi, sai ya karya farashi kafin ya samu masu zuwa, kuma wata shida ya yi kaɗan a gina suna. Darare marasa baƙo kuwa kai ne za ka biya su daga aljihunka, domin mai gida ba ya rage haya don kasuwa ta yi sanyi.

Mutum guda na wata shida ba zai sa ka yi arziki ba. Abin da zai biya ka da wuya ya wuce hayarka, wani lokaci ma sai ka sassauta masa. Sai dai kuɗin sananne ne, yana zuwa a ƙayyadadden lokaci, wuta da ruwa kuma suna wuyansa. A Faransa ma doka ce ta rufe ƙofar ribar: dokar haya ta 1989 ta ce ɗan haya ba zai sa wani ba sai da rubutaccen izinin mai gida, har da amincewarsa kan farashi, kuma kuɗin da zai karɓa a kan kowace murabba'in mita ba zai wuce wanda shi yake biya ba. A watan Satumban 2019 babbar kotun ƙasar ta ƙara da cewa kuɗin da ɗan haya ya tara ta hanyar saukar baƙi ba tare da izini ba na mai gida ne, sai ya mayar masa. Ka ga an yi wahala, an wanke zannuwa, ƙarshe kuɗin ya koma hannun wanda aka ɓoye wa.

A gefe guda, in kana tambaya ta fuskar addini, malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar. Mafi yawansu sun halatta ɗan haya ya ba wani hayar abin da ya kama, muddin wanda zai shiga bai fi shi cutar da gidan ba. Malikawa da Shafi'awa sun yarda ko da da ƙarin kuɗi ne, Hanafawa kuma suna ganin bai dace ya ci ƙarin ba sai in ya yi wa gidan wani gyara. Lura da sharaɗin farko. Mutum ɗaya mai hankali kamar kai ne wajen amfani da gida. Jerin baƙi masu jan akwati a matakala kullum kuwa, da wuya a ce nauyinsu ɗaya da naka. In kuma ka sa hannu a kan sharaɗin hani, alkawari ya riga ya ɗaure ka.

Bayan mai gida akwai hukumar gari, kuma nan ma nauyin bai zo daidai ba. Sa mutum ɗaya na watanni abu ne da yawancin birane ba su damu da shi ba. Saukar baƙi kuwa manyan birane sun sa mata ido, saboda tana janye gidaje daga hannun mazauna gari tana tsadar da haya. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga gidan da aka bayar gaba ɗaya, tun 2015, sai in an nemi izini na musamman. Amsterdam ta rage nata zuwa dare 30 a 2019. Japan ta sa kwana 180 a dokarta ta 2018. New York ta fi su tsanani: tun Satumban 2023, duk saukar da ba ta kai kwana 30 ba sai mai saukarwa ya yi rajista, sai yana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Da a can kake, shirinka na farko ya mutu tun kafin a fara, tunda ba za ka kasance a gidan ba. Koma kan lissafin da muka yi a sama ka sa masa iyakar dare 90 ko 30, ka ga abin da zai rage.

Kada ka ce za ka yi a ɓoye. Mutum ɗaya ma da wuya ya ɓoyu, balle tallar da ke ɗauke da hoton falonka a intanet, da ranakun da baƙi suka rubuta ra'ayinsu a ƙasa, kowanne shaida ne a gaban alƙali. Maƙwabta kuma su ne ke fara kai ƙara, ranar da wani baƙo ya danna musu ƙararrawa da ƙarfe biyun dare yana neman ƙofa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Yanzu ɓarna. A hanyoyin biyu duka, kai ne mai gida ya sani. Ba shi da wata yarjejeniya da wanda ka sa, don haka in an fasa gilashi ko ruwa ya zubo wa na ƙasa, ƙofarka zai ƙwanƙwasa, kuɗin ajiyarka zai taɓa. Bambancin yana wajen wanda kai za ka juya ka kama. Mutum guda kana da sunansa, da katin shaidarsa, da wurin aikinsa, da kuɗin ajiyar da ka karɓa a hannunsa. Baƙon manhaja ya riga ya hau jirgi. Gaskiya ne Airbnb tana da shirin biyan diyyar ɓarna, amma ita da kanta ta bayyana cewa shirin ba inshora ba ne, kuma sai an kai koke cikin kwana 14 da tashin baƙon, tare da hujja. Wa zai ɗauki hoton ɓarnar kana wani gari? Kyamara a cikin ɗaki kuwa kamfanin ya haramta ta tun Afrilun 2024. Inshorar kayan gida da 'yan haya kan yi ita ma yawanci tana cire baƙin da suka biya kuɗi, sai ka karanta taka ka gani.

Kada in yi son kai, akwai wuri ɗaya da baƙin kwana biyu suka fi, kuma babba ne: suna tafiya. Suna biya kafin su shigo, ranar fitarsu kuma a rubuce take. Mutum guda shi ne zai iya daina biya a wata na uku, kai kuwa dole ka ci gaba da biyan mai gida. Shi ne kuma zai iya cewa bai samu wurin komawa ba ranar da ka dawo da jakarka. A ƙasashe da yawa wanda ya daɗe a gida yana samun haƙƙin ɗan haya, ba a fitar da shi sai ta kotu, kuma canja masa kwaɗo laifi ne a kanka. A jihar Kalifoniya kwana 30 sun isa hakan ta faru. Wannan haɗari gaskiya ne, sai dai haɗari ne da ake iya ragewa tun daga farko: ka zaɓi wanda shi ma zamansa mai iyaka ne, kamar ɗalibin da zangonsa zai ƙare ko ma'aikacin da aka turo na ɗan lokaci, ka kira wanda ya taɓa ba shi haya ka ji labarinsa, ka rubuta ranar fita. Sau ɗaya za ka yi wannan tantancewa. A ɗaya hanyar kuwa kowane mako sabuwar caca ce.

Za ka ji ana cewa ai Airbnb ɗin ma 'yan haya ne suka fara ta. Haka ne. A 2007 Brian Chesky da Joe Gebbia sun rasa kuɗin haya a San Francisco, suka shimfiɗa katifun iska suka sauki mutum uku da suka zo wani taro. Amma suna cikin gidan tare da baƙinsu. Da tambayarka ita ce kana nan, kana da ɗaki ɗaya da ba kowa, mai gida ya yarda a rubuce, garin kuma bai hana ba, da na ce maka gwada, domin ido na kan kaya kuma ranar da ka gaji sai ka rufe. Kai kuwa tafiya za ka yi. A halinka, mutum guda nake ba ka shawara.

Ka rubuta wa mai gidan tun yanzu, kafin ka fara neman kowa. Ka tuna masa maganar da kuka yi, ka faɗi ranar tafiyarka da ta dawowarka, da cewa mutum ɗaya za ka sa, za ka kawo masa sunansa ya amince kafin ya shiga, kuma haya za ta ci gaba da fitowa daga hannunka kamar yadda aka saba. Ka nemi ya amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne. Tsakaninka da wanda zai shiga kuma a yi takarda dabam, ranar ƙarewarta ta riga ta yarjejeniyarka ƙarewa, a haɗa da jerin kayan da ke gidan, da hoton kowane ɗaki, da lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa a ranar miƙa makulli. In da hali ka kulle ɗaki ɗaya ka bar kayanka a ciki, kamar yadda mutanen Hamburg suka yi.