Mai jar hammata da mai kan toka: yadda za ki bambance su

Hajiya, kin ce tunda kuka tare a sabon gidanku a nan Ingila kika rataye mazubin abincin tsuntsaye a bayan gida, ƙanana suna ta zuwa, amma akwai wasu masu dabbare-dabbare a ƙirji da ke cika filin bayan unguwarku tun watan Nuwamba, ko kallon mazubin ba sa yi. Kin ɗauki hoto, manhajar waya ta ce redwing, kika sake ɗauka ta ce fieldfare. Shi ne kike tambaya wanne ne gaskiya.

Ina kyautata zaton duka biyun ne, domin tare suke kiwo, garke ɗaya. Baƙin hunturu ne daga Nowe, Suwidin, Finlan da Rasha, wasu redwing ɗin kuma daga Aislan. Suna fara sauka a Oktoba, su koma gida tsakanin Maris da Afrilu. Yadda ganin shamuwa ke sa manomi a gida ya fara gyaran gona, haka ganinsu a nan ke sa mutum ya ciro rigar sanyi. A gidanmu mun raɗa musu suna don yara su riƙe: redwing shi ne mai jar hammata, fieldfare kuma mai kan toka.

Ki daina kallon ƙirjin. Nan ne kowa ke ruɗewa, ni ma na yi hunturu guda ina ruɗewa, saboda dukkansu ƙirjinsu a dabbare yake. Fuska za ki duba.

Mai jar hammata yana da farin layi a saman ido, fari mai ɗan ruwan madara, kamar an ja masa gira da alli, da wani layin a ƙasan kunci. Wannan girar ta fi jan da aka sa masa suna da shi saurin bayyana, musamman a irin hasken nan na Disamba da ƙarfe huɗu ta yi duhu. Jan yana gefen ciki ne, ya shige ƙarƙashin fiffike, kuma ba ja ne wur ba, ya fi kama da jar ƙasa. Bayansa ruwan ƙasa ne tun daga kai har bindi, launi ɗaya. Ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 21.

Mai kan toka ya fi shi jiki sosai, wajen santimita 25, kusan tsawon kurciyar gida. Shi kamar ɗinkin haɗi yake: kai ruwan toka, gadon baya ruwan goro mai duhu, wajen gindin bindi toka kuma, bindin kansa baƙi mai tsawo. Ƙirjin yana da ɗan rawaya-rawaya a ƙarƙashin dabbaren. Tsayuwarsa ma daban ce, ƙirji a gaba, kai a sama, kamar dogari a ƙofar fada. Ɗan'uwan nasa kuwa a ɗarare yake kiwo, motsi kaɗan ya faɗa shinge.

In suka tashi, aikin ya ƙara sauƙi. Ƙarƙashin fiffiken babban fari ne fat, yana walƙiya duk bugun da ya yi, kuma da surutu yake tashi, “cak-cak-cak”, har sai kin waiwaya. Ƙaramin siririyar murya gare shi, “tsiii”, guda ɗaya a ja. Da dare suke tafiyarsu ta ƙaura, don haka in kika fita zubar da shara bayan isha a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ki ɗan tsaya shiru. Sau da yawa za ki ji wannan “tsiii” ɗin yana wucewa a sama cikin duhu, ko a tsakiyar gari ne.

Akwai 'yan gida biyu da kan shiga tsakani. Song thrush girmansa ya yi kusa da na mai jar hammata, amma ba shi da farar gira, kuma yawanci shi kaɗai za ki gan shi. Mistle thrush ma farin ƙarƙashin fiffike gare shi, sai dai ya fi mai kan toka girma, kuma kansa da bayansa launi ɗaya ne.

Batun ƙin mazubinki kuwa, kada ki ga laifin abincin. Gyaɗa da 'ya'yan sunfulawa na masu maƙalewa ne su ci a rataye. Waɗannan biyun a ƙasa suke neman tana da ƙwari, ko su hau itatuwan shinge masu ƙaya su cinye jajayen 'ya'yansu. Muddin ƙasa tana da laushi, fili ya ishe su. Sai ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe ta, 'ya'yan shingen kuma sun ƙare, sannan yunwa ke koro su cikin gidaje. A tsananin sanyin da aka yi a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 2018 haka aka yi, mutanen da ba su taɓa ganinsu ba suka wayi gari da su a tsakar gida. Ni na raba tuffa biyu na jefa kan ciyawa. Mai kan toka guda ya zo ya kafa ya tsare, kwana uku yana korar duk tsuntsun da ya matso, har rabin da ba ya ci ma bai yarda a taɓa ba. Masu jar hammata biyu suna raɓe a gindin shinge, sai ya juya baya su fizgi loma.

Saboda haka ki tanadi tuffar da ta fara laushi, wadda yara suka ƙi. Ranar da aka yi sanyin da ruwa ya daskare a waje, ki yanka ki warwatsa a wurare uku ko huɗu nesa da juna, a sarari inda kyanwa ba za ta laɓe ba, don kada babban ya mallake duka. In kuma suka zo miki a ƙarshen makon ƙarshe na Janairu, lokacin ne RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, ke ƙidayar tsuntsayen gidaje da ta fara tun 1979: awa ɗaya ake zama a taga, a rubuta adadi mafi yawa na kowane iri da aka gani a lokaci guda, a tura musu.