Faifan Melos Quartett da Rostropovich

A Stuttgart ta Jamus aka kafa Melos Quartett, ƙungiyar makaɗa goge huɗu, a 1965: Wilhelm Melcher da Gerhard Voss a ƙananan goge, Hermann Voss a matsakaicin goge, wato biyola, Peter Buck a babban goge, wato calo. Sun watse a 2005 bayan rasuwar Melcher.

Kamfanin faifai na Deutsche Grammophon ya ɗauki wannan faifan a 1977, kiɗan Schubert na makaɗa biyar, mai lamba D 956 a jerin ayyukansa, Rostropovich, makaɗin calo ɗan Rasha, na riƙe da calo na biyu. Kashi na biyu na kiɗan a hankali suke jan sa, har wasu kan ƙosa, amma ya cancanci haƙurin. Kada a saurara da lasifikar waya. A wannan kashin mai calo na biyu na taɓa tsirkiya da yatsa, sautin ƙasa-ƙasa yake, ƙaramar lasifika haɗiye shi take. A sa abin kunne mai rufe kunnen duka.