Gidauniyar zauren unguwa ga 'ya'yan ɗaurarru a Kano: ta cancanci kuɗinka?

Akwai wata hidima da ta yaɗu a unguwannin Kano wadda ba ta da ofis, ba ta da allo a bakin titi. An kama magidanci, kotu ta tura shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, kafin kwana biyu wani ya buɗe zauren WhatsApp, ya zuba abokai da maƙwabta da 'yan sahun masallaci, ya liƙa lambar asusu, ya ce a taimaka wa iyalin bawan Allah. Wannan tsari ne za mu duba, don amfanin mai son ba da kuɗinsa da mai son kafa irinsa. Hukuncinmu tun farko shi ne, wajen gaggawa babu kamarsa, amma yadda akasari ake tafiyar da shi wutar kara ne, sati biyu ana rige-rigen turo shaidar biya, wata na uku ko sallama aka yi a zauren babu mai amsawa. Matsalar kuwa, a wata na ukun nan ne yunwa take shiga gidan da gaske.

Dalilin da ya sa lissafin sati biyu ba ya fita a fili yake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Dokar 2019 ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, amma ba ta hana a ɗage zama ba. Wanda ake zargi da babban laifi ana fara kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron shari'arsa, a ajiye shi ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, jiran nan kuma yana iya cinye watanni. Duk gidauniyar da ta yi kasafi a kan "insha Allahu zama mai zuwa za a sake shi" ta gina a kan fata. A yi kasafin wata shida, in ya fito da wuri alhamdu lillahi.

Wani abin kuma, waɗannan yara ba su da gurbi a tsare-tsaren da aka saba. Kwamitin marayu na masallaci ba zai taɓa kuɗin da aka bayar da sunan marayu ya ba su ba, kuma yana da gaskiya, tunda ubansu na raye. Amma suna iya cin zakka a matsayin faƙirai ko miskinai, cikin kaso takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Gidauniya mai wayo takan rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, takan kuma je wa attajiran unguwa kafin watan da suka saba fitar da zakka, ba bayan sun gama rabo ba.

Inda tsarin ya fi ƙarfi shi ne tantancewa. Mutanen unguwa sun san gidan, sun san wa ke ciki, babu mai zuwa ya yi musu ƙaryar yara goma. Sai dai a tura mata biyu su shiga, tunda gida ne na matan aure kuma maigidan ba ya nan. Namijin da ya riƙa sallama a ƙofar nan duk mako da sunan taimako zai jawo wa matar magana. Abin da za su rubuto ba shi da yawa: yara nawa, shekarunsu, makarantar kowa da bashin da ake bin sa, watan da haya za ta ƙare, ko akwai mai sikila ko mai shan magani kullum, da sana'ar da uwar ta iya. A tambayi kuma dangin miji, me suka ɗauka. Ciyar da yaran nan hakkinsu ne kafin na maƙwabta, kuma an sha ganin baffanni sun janye hannu da zarar sun ji an buɗe zaure.

Wajen tara kuɗi ne rauni ya fara. Kusan kullum asusun mutum ɗaya ake sawa, na bankinsa ko na Opay ko Moniepoint, wanda a cikinsa yake karɓar kuɗin kasuwancinsa. Ko mutumin waliyyi ne, bayan wata biyu ba zai iya rarrabe naira dubu biyar ɗin wa ce ta shigo ranar Talata ba. Ga masu turo hoton alat na bogi ko wanda kuɗinsa bai shiga ba, ga naira 50 da ake cira a kan duk kuɗin da ya kai dubu goma, ga cajin mai POS duk lokacin da aka je cirewa. Waɗannan ƙananan ramuka ne suke haɗuwa su zama "ina sauran kuɗin?", daga nan zaure ya watse. Gyaran mai sauƙi ne: asusun haɗin gwiwa na mutum biyu wanda ba a komai da shi sai wannan aiki, magatakarda daban da ma'aji, sannan ranar ɗaya ga wata a saka bayanin banki a zaure, abin da ya shiga da abin da ya fita. In aikin ya girma har ana kula da gidaje da yawa, sai a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram, saboda banki zai tambaye ta kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Sannan a daina dogara da kira ɗaya mai tayar da hankali. A ɗauki misali: mutum 60 suka yi alƙawarin naira 2,000 duk wata, an sami 120,000 da za a iya tsara abinci da makaranta a kanta. Wannan ta fi 400,000 da aka tara dare ɗaya, domin babban kuɗi na dare ɗaya kowa sai ya kawo buƙatarsa a kansa, kuma kusan kullum kotu yake tafiya.

A nan babban laifin tsarin yake. An ce wa mutane kuɗin yara ne, sai ga ɗan'uwan maigida ya zo da labarin lauya na neman kaza, ko wani a harabar kotu ya ce ya san hanya, a kawo dubu ɗari biyu gobe mutum ya kwana gida. Kwamiti ya tausaya, ya kwashe asusu, gobe ta yi an ɗage zama, yara kuma babu ko garin kunu. Ba a ce kada a taimaka wa uban ba. Fitar da shi ma shi ne taimakon da ya fi kowanne, in dai fitar tabbas ce. Mutane da yawa suna zaune ne kawai saboda tarar da suka kasa biya. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa da naira miliyan 585 da aka tara don biyan irin wannan tara. To amma a buɗe wa wannan jaka daban, a faɗa wa masu bayarwa gaskiyar abin da za a yi da ita. Kafin a biya ko sisi a nemi kwafin hukunci a ga me aka rubuta, saboda tara daban, diyya ko bashin mai ƙara daban, wani a biya tarar ya ci gaba da zama don ba a biya mai haƙƙi ba. A biya a wurin mai karɓar kuɗi na kotu, a karɓi rasit. Wanda ba shi da lauya kuma a fara kai takardunsa ofishin Legal Aid Council, hukumar tarayya da ke ba marasa hali lauya kyauta, kafin a shiga cinikin lauya mai zaman kansa.

Batun abinci, yawancin zaurukan sun iya saye, ba su iya rabo ba. Ana zuwa kasuwar Dawanau a sayo buhun masara ko gero, a biya ta kasuwar Singa a ɗauko shinkafa da taliya da mai, a sauke duka a ƙofar gida rana tsaka. Buhu babba kwano arba'in ne, gidan mutum shida zai iya wata guda a kansa ko fiye, amma buhun da unguwa ta ga shigarsa ba ya kai haka. Maƙwabciya ta aiko a sam mata, dangi su zo, wani lokacin a sayar da rabi a kai wa lauya. A ajiye hatsin wurin ma'aji, a riƙa auna na sati biyu. In za a saya da yawa a saya da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, a tabbatar ya bushe sosai, a sa a buhu mai leda a ciki don gudun ƙwari. Abin da ake yawan mantawa shi ne hatsi ba ya dafa kansa. Akwai kuɗin niƙa, akwai gawayi ko itace, akwai ruwan 'yan garuwa, akwai cefane, akwai sabulu da omo. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a buɗe wa gidan littafi a shagon unguwa, a yanka iyakar abin da za su karɓa a mako, kwamiti ya biya mai shago duk Juma'a, a kuma ba uwar ɗan kuɗi a hannu. Matar da ba ta da ko naira ɗari biyu a ɗaurin zani za ta ɗora wa 'yarta talla, ko da rumbu aka cika mata.

Makaranta ce wurin da kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Karatun firamare da sakandare na gwamnati kyauta ne a Kano, amma yunifom da takalmi da littattafan rubutu da kuɗin abincin tara ba kyauta ba ne, ga kuɗin wata na Islamiyya, ga kuɗin Laraba na makarantar allo. A sayo yadi a Kwari a ba telan unguwa, saiti biyu ga kowane yaro, don saiti ɗaya ranar da aka wanke shi ranar fashi ce. Yaron da ke makarantar kuɗi kada a yi saurin cire shi a tsakiyar zango. A je a sami mai makaranta, da yawa suna rage kuɗi ko su yarda a biya kaɗan-kaɗan in an gaya musu a asirce. In dole a mayar da shi ta gwamnati, a bari sai farkon shekarar karatu. Ɗan aji shida na sakandare a lura da sakamakon kwalifayin, jarrabawar tantancewa ta jiha, don a kanta gwamnati kan biya wa ɗalibai kuɗin NECO. In bai samu ba, kuɗin rajistar na kan kwamiti, kuma a tanade shi tun zangon farko. Duk kuɗin makaranta a biya makaranta kai tsaye. Haka haya, a biya mai gida, a yi rubutu. Haya ta shekara ce, rana ɗaya take faɗowa, don haka a riƙa ware mata kaso duk wata.

Abin da ba za mu yafe wa waɗannan zauruka ba shi ne hoto. A jera yara a gaban buhu, a ɗauke su, a watsa a Facebook da sunan gaskiya da amana. A Kano ne fa, inda ake binciken asali kafin a ba da aure ko a karɓa. Yarinya 'yar shekara tara a hoton nan, nan da shekara goma wani zai tono shi. Yaro kuma gobe a makaranta za a kira shi ɗan ɓarawo, alhali uban ma ba a yanke masa hukunci ba. Rasit ya ishi shaida. A rahoto a rubuta "gida na ɗaya", "gida na biyu", sunaye su tsaya wurin mutum uku na kwamiti, kaya kuma a kai bayan magariba.

Idan uwar ce a tsare lissafin yakan sauya, zaurukan kuma ba su cika lura ba. A mazhabar Malikiyya reno bayan uwa yana komawa ga kaka ta wajen uwa, to a nemi inda yaran suke kwana da gaske, a kai taimakon can, ba wurin wanda ya fi iya magana ba. Jariri mai shan nono yakan zauna da uwarsa a ciki, nasa buƙatun daban ne: sabulu, kunzugu, gidan sauro, kayan sanyi in hunturu ya shigo.

Ziyara ma hidima ce da ya kamata ta shiga kasafi. Daga cikin gari zuwa Kurmawa, da ke bayan gidan Sarki, wani da ƙafa ma zai je. Janguza kuwa, inda aka gina sabon gida mai ɗaukar mutum 3,000, can kan titin Gwarzo take gaba da sabuwar jami'ar Bayero, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kuɗin adaidaita na uwa da yara biyu zuwa da dawowa ba ƙaramin abu ba ne. A ware kuɗin ziyara ko sau ɗaya a wata. A tafi da katin shaida, a san za a ajiye waya a ƙofa, abincin da aka kai kuma mai kawowa zai fara ɗanɗanawa. Yaron da ya yi wayo gara a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. "Baba ya yi tafiya" ba ta daɗewa, a bakin yaran layi zai ji, kuma ta mummunar hanya.

Jari ga uwa abu ne mai kyau, amma sai a wata na biyu ko na uku, bayan abinci ya daidaita, in ba haka ba jarin za a ci. A ƙara mata a kan abin da ta riga ta iya, awara ce, ɗinki ne, kitso ne, sayar da gawayi ne, kada a sayo mata injin markaɗe a layin da ke da guda uku. Keken ɗinki kuma a haɗa da zare da yadin farawa.

Ranar da maigida ya fito, yawancin zaurukan addu'a suke yi su rufe asusu a daren. Mutumin kuwa ya dawo ba shago, ba babur, wanda yake yi wa aiki ya ɗauki wani, ga bashi. A ci gaba da biyan makaranta har ƙarshen zangon da ake ciki, a rage abinci zuwa rabi na wata uku, abin da ya rage a asusu kuma a tambayi masu bayarwa a rubuce: a ba shi jari, ko a juya wa gida na gaba.