Shayin rage tumbi ko kwaɗon zogale?

Hajiya, tsakanin shayin rage tumbi da zogalen da kika tambaya, ki riƙe kuɗinki ki sayi zogale. Duka biyun na gwada.

Shayin na saye shi bayan haihuwata ta uku, har kwali biyu. Kwana huɗu ina zarya banɗaki, na hau sikeli na ga kilo biyu sun tafi, na yi ta murna. Ashe ruwan jikina ne, ina dainawa suka dawo. Sai daga baya na ga an rubuta senna a jikin kwalin, wato filaskon da kakanninmu ke sha don wankin ciki. Kitse ko gezau ba ya yi, in kuma aka daɗe ana sha yana rage sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ke buƙata. Ƙamshi dai yana da shi, iyakar yabonsa ke nan.

Zogale kuwa surukata ce ta ɗora ni a kai lokacin da na je mata kwana biyu a Daura. Bishiyar na tsakar gidanta, da la'asar za ta sa a tsinko, a dafa, a matse, ta kwaɗa da ƙuli, tumatir, albasa da ɗan attaruhu. Ta tura mini kwano ta ce in ci wannan tukuna kafin in taɓa tuwo. Wallahi rabin malmala na kasa cinyewa. Sirrin ke nan: shi ma ba narkar da kitse yake ba, cikin yake cikawa sai tuwon ya ragu, ga sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini. Da na dawo Katsina na haɗa da tafiyar minti 30 bayan asuba ta wajen Ƙofar Ƙaura, kwana biyar a mako, daidai da minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi a mako. Wata huɗu, ɗinkunan da na jibge a akwati suka sake shigata. Amma fa ki yi hankali da man gyaɗa a kwaɗon, in kika malala shi an koma gidan jiya.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Garin zogalen da ake ƙullawa a leda ba ki san ganyen da aka haɗa ba, gara ki sayi ɗanye ki shanya a inuwa ki daka da kanki. Masu shayin kuma an sha kama wasu da sibutramine a ciki, maganin rage ƙiba da aka janye a Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Kada lambar NAFDAC ta ruɗe ki, mai harafin L a ƙarshe ba shaidar cewa maganin yana aiki ba ce.

In kina shan maganin hawan jini ko na suga, ki ci gaba da abinki, kwaɗon abinci ne kawai.